Akuya takwas da aka hana magani: nazarin lamarin wani garken gwaji a Maraɗi

Sashen da ake magana a kansa yana koyar da kiwo da lafiyar dabba a wata babbar makaranta ta Maraɗi. An sakaya sunansa da sunayen mutanensa. Lamarin ya ɗauki wata 16, daga Yulin wata shekara zuwa Oktoban shekarar da ta biyo baya.

## Wurin da garken

A bayan azuzuwa akwai rumfar kwano, shingen waya da famfo guda. Nan ake ɗaure dabbobin karatu, galibinsu jajayen awaki. Ba abin mamaki ba ne, don jar akuyar Maraɗi ita ce tutar kiwon jihar: fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, tana yawan haihuwar tagwaye, kuma tun 1963 akwai cibiyar gwamnati a garin da aka kafa musamman don renon irinta. Ɗalibin kiwo da ya tashi a nan, da wuya kundinsa na ƙarshen karatu ya kauce wa akuya.

Mai kula da garken dattijo ne ɗan ƙauye, bai yi lakkwal ba amma yana rubutun ajami, ɗalibai na ce masa Baba. Shi ke share rumfa, shi ke kai kiwo, shi ke kwana kusa da su. Malamin da ke duba ɗalibi yana sa hannu a kan batun bincike, shugaban sashe yana sa hannu a kan kuɗi. Takardar da ta ce ga wanda alhakin lafiyar akuyar ke wuyansa kuwa, babu ita.

## Damina ta farko: Yuli zuwa Satumba

Wani ɗalibin masta ya zaɓi gwada garin bagaruwa a kan tsutsar ciki. Tunanin yana da tushe. Makiyaya sun daɗe suna amfani da itatuwa masu ɗaci da bauri wajen maganin tsutsa, kuma sinadarin baurin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi, masu bincike a ƙasashe da dama suna nazarin tasirinsa a kan tsutsotsin awaki da tumaki.

Aka sayo matasan awaki 24 a wata kasuwar ƙauye, nauyinsu tsakanin kilo 14 da 23. Aka raba su uku, takwas-takwas. Kashi ɗaya aka ba su maganin tsutsa mai suna albendazol, kashi na biyu ana zuba musu garin bagaruwa cikin dusa, kashi na uku ba a ba su komai ba, su ne na kwatance. Duka za su yi kiwo a wata fadama mai danshi na tsawon mako 12. Tsarin binciken shafi tara ne. Ya faɗi yadda za a ƙirga ƙwan tsutsa a kashi, yadda za a ɗebi jini, da irin lissafin da za a yi. Bai faɗi abin da za a yi ba idan akuya ta kwanta.

Tsutsar da ta fi ɓarna a damina ita ce wadda masana ke kira Haemonchus contortus. Tana zama a ciki na huɗu na dabba tana shan jini. Kowace ɗaya abin da take sha a rana bai kai ɗigo biyu ba, amma akuya guda tana iya ɗauke da dubbai, macen tsutsar kuma tana zuba ƙwai dubbai kullum. Zafi da danshin Agusta su ne abin da ƙwan ke buƙata. Akuyar da ta kamu ba lallai ta yi zawo ba. Sai dai ta riƙa komawa baya a garke, cikin fatar idonta ya yi fari, ƙasan haɓarta ya kumbura da ruwa, wata rana a wayi gari ta kasa tashi.

Agusta kuma watan hutu ne. Malamin ya tafi Yamai. Ɗalibin yana zuwa kowace Litinin ya ɗebi kashi da jini ya koma. A mako na biyar Baba ya kama wata daga cikin na kwatancen, ya ja fatar idonta ƙasa, ya nuna masa.

"Yarona, wagga akuya jininta ya ƙare. A ba ta ƙwaya."

"Baba, in aka ba ta magani aikina ya ɓaci. Malam ya ce kar a taɓa su sai mako goma sha biyu ya cika."

Ɗalibin ya kira malaminsa a waya, aka ce ya rubuta abin da ya gani, a ci gaba. Daga 19 ga Agusta zuwa 6 ga Satumba awaki uku na kwatance suka mutu, da ɗaya daga kashin bagaruwa. Ɗaya daga cikinsu Baba ya yi maza ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe.

Akwai wani abin da ba a sani ba sai daga baya. Awaki biyu na kwatance, ƙwan tsutsarsu ya faɗi ƙasa warwas a mako na takwas, ɗalibin ya rasa dalili, har ya rubuta a kundinsa cewa wataƙila jikinsu ne ya yi ƙarfi. Ashe Baba ne ya sayo ƙwaya a kasuwa da kuɗinsa ya ɗura musu da dare, bai gaya wa kowa ba saboda tsoron a sallame shi. Wato cikin takwas ɗin da za a kwatanta da su, uku sun mutu, biyu sun sha magani, uku kaɗai suka kai ƙarshe yadda tsari ya ce.

## Oktoba zuwa Maris: takardar sa hannu

An kare kundin a Nuwamba, ya samu maki mai kyau. Cikin alƙalan akwai wani likitan dabbobi daga waje, wanda ya yi karatu a makarantar likitancin dabbobi ta Dakar. Shi ne kaɗai ya tambayi dalilin da ya sa aka bar akuyar da jininta ya kai wannan ƙasa ba a yi mata komai ba. Aka ce tsari ne ya zo da haka, aka wuce.

Abin da ya girgiza sashen daga waje ya zo. Malamin ya aika sakamakon ga wata mujallar kimiyya, ba a ma kai ga duba lissafin ba aka dawo da shi: ina lambar amincewar kwamitin da ya duba yadda za a yi amfani da dabbobin? Mujallu da yawa yanzu suna bin ƙa'idojin rubuta rahoton binciken da aka yi da dabbobi, masu suna ARRIVE, waɗanda aka fitar a Ingila a 2010 aka sabunta a 2020, kuma bayanin amincewar kwamiti yana cikin abubuwan da ake nema. Wani ya kawo shawarar a rubuta takarda a sa mata kwanan watan baya. Babban malamin sashen ya ƙi.

A Disamba aka kafa kwamiti na malamai uku, duka ƴan sashen, aka buga takarda mai shafi ɗaya: sunan bincike, irin dabba, yawanta, da layin da ke cewa za a kula da dabbobin da kyau. Daga Janairu zuwa Maris an sa hannu a kan takardu 11. Ba a dawo da ko ɗaya don gyara ba. Kwamitin bai zauna ba ko sau ɗaya, takardar ce ke yawo daga ofis zuwa ofis, kuma a cikin bakwai daga 11 ɗin, ɗaya daga masu sa hannun shi ne malamin ɗalibin da ke neman izinin. Babu ɗan kwamitin da ya leƙa rumfa da sunan aikin kwamiti. An dai samu lambar da mujallu ke tambaya.

## Afrilu da Mayu: darasin ɗiban jini, da haramcin da ya biyo baya

Ɗaya daga cikin takardun nan 11 ta darasin aikin hannu ce: koyar da ɗiban jini daga jijiyar wuya. An rubuta awaki uku. A kan takarda wannan kamar tsimi ne, an rage yawan dabba. Ɗaliban kuwa 46 ne.

An yi darasin da ƙarfe biyu na rana a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40. Yawan jinin da aka ɗiba ba shi ne matsalar ba. Akuya mai kilo 20 tana da jini kimanin lita ɗaya da rabi, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce ana iya ɗibar har kashi ɗaya cikin goma a ba ta makonni ta mayar. Matsalar ita ce sukan allura. Hannun koyo ba ya samun jijiya a karon farko, don haka kowace akuya ta sha suka sama da 15 cikin awa biyu, maza huɗu na danne da ita. Wuyansu ya kumbura da jinin da ya taru ƙarƙashin fata. Ɗaya ta yi kwana huɗu ba ta ci ba. A makon ne kuma famfon ya ɗauke kwana biyu, kuma kuɗin garken na harawa da dusa ne kawai, ba a ware ko dala ba don ƴan ga-ruwa. Baba ya yi ta jido da jarka daga wani gida na makwabta.

Wata ɗaliba ta so ta kai ƙara, ta rasa inda za ta kai, don malamin darasin ɗan kwamiti ne. Wani kuma ya ɗauki hoton bidiyo, ya shiga zaurukan WhatsApp na ɗalibai, daga nan ya fita gari. Ranar Juma'a liman ya kawo hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, bai ambaci kowa ba, amma kowa ya gane.

Shugaban sashe ya ɗauki mataki cikin fushi: an hana duk wani darasi da dabba mai rai har sai abin da hali ya yi. Haramcin ya yi mako shida. A cikin makonnin nan malamai biyu suka riƙa kwasar ɗalibai zuwa gidajen abokansu masu kiwo a bayan gari, ana yin darasin a can, inda ko Baba ba ya gani. Sauran ɗalibai kuma lokacin fita koyon aiki ya ƙarato ba su taɓa riƙe allura ba, ga shi dabbobin talakawa za su je su taras.

## Yuni: aka sake lale

Likitan nan na Dakar aka nema, ya zo da babi na 7.8 na kundin dokokin Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda aka kafa a Paris a 1924, Nijar ma memba ce a cikinta. Babin, wanda aka amince da shi a 2010, ya shafi amfani da dabbobi a bincike da koyarwa. Ya tanadi cewa kwamitin sa ido ya ƙunshi aƙalla masanin bincike, likitan dabbobi, da mutumin gari wanda ba shi da hannu a aikin. Ginshiƙinsa ƙa'idoji uku ne da wasu masana biyu ƴan Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa a 1959: a musanya dabba mai rai da wani abu idan zai yiwu, a rage yawanta zuwa iyakar abin da zai ba da amsa, a tausasa hanyar aiki don wahala ta ragu. A Amurka doka ta wajabta irin waɗannan kwamitoci tun 1985, da ofisoshi da ma'aikata na musamman. Sashen da ke rigima a kan kuɗin ruwa ba zai iya kwaikwayon wannan ba, kuma bai gwada ba.

Sabon kwamitin mutum biyar ne: likitan dabbobi daga wajen makarantar, malamin kiwo ɗaya, malamin lissafin ƙididdiga, wata Hajiya shugabar ƙungiyar mata masu kiwon awaki, da wani malamin addini. Wanda ɗalibinsa ke neman izini zai fita daga ɗaki. An fi daɗewa ana gardama a kan Baba. Wasu malamai sun ce bai dace lebura ya zauna ana duba aikin dakta ba. Hajiya ta ce, "Ranka ya daɗe, cikin ku duka wa ya san wadda ba ta ci ba jiya?" Aka tsaya a kan zai halarci zama, ba shi da ƙuri'a, amma yana da ikon kiran likita kai tsaye ba sai ya bi ta kan kowa ba.

Dokokin ba su da yawa. Mafi nauyinsu ita ce iyakar tsayawa: kafin a sayo dabba ko ɗaya, sai tsarin bincike ya rubuta alamomin da idan aka gan su, za a fitar da dabbar daga gwaji a yi mata magani a ranar, ko malami yana nan ko ba ya nan. Ga binciken tsutsa, kwamitin ya sa biyar: kumburin haɓa, ƙin cin abinci kwana guda cur, raguwar nauyi da kashi ɗaya cikin goma, kaurin jini, wato yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikinsa, ya sauka ƙasa da kashi 18 cikin ɗari, ko launin ido ya kai mataki na 4 a katin FAMACHA. Katin nan a Afirka ta Kudu aka ƙirƙire shi, launuka biyar ne daga ja zuwa fari, ana kara shi da cikin fatar idon dabba. Wanda bai iya boko ba ma yana karanta shi. Baba da ya gani ya ce ai abin da yake yi ke nan tun yana yaro, kati ne kawai ba shi da shi.

Sauran: kowane tsari ya nuna kuɗin ci, ruwa da magani har da kwanakin hutu, ɗan kwamiti ɗaya zai shiga rumfa sau biyu a wata ba sanarwa, dabbar da ta sha magani ba za a sayar wa mahauta ba sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika, ba za a ba ɗalibi ranar kare kundi ba sai ya kawo bayanin inda kowace dabba ta ƙare. Aka kuma rataye akwatin ƙorafi a wajen sashen, makullinsa na hannun Hajiya.

Malamin binciken bagaruwa ya yi ƙorafi mai ma'ana: idan ana ceto na kwatance, da me za a kwatanta? Malamin lissafi ya amsa cewa ranar da akuya ta kai iyakar tsayawa ita ma adadi ce. A ƙirga kwana nawa kowane kashi ya yi kafin ya buƙaci ceto, a kwatanta. Tambayar da ake son amsawa ita ce ko bagaruwa na rage ɓarnar tsutsa, kuma ana iya ganin wannan tun dabba na tsaye da ƙafafunta.

## Damina ta biyu

Wata ɗaliba ta sake gwajin. An sayo awaki 18 maimakon 24, amma tsara ɗaya, nauyi tsakanin kilo 16 da 19, saboda bambancin girma a karon farko ya rikita lissafi. An killace su kwana 14, an yi musu rigakafin annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, sannan aka raba su shida-shida. Baba yana duba ido safe da safe yana rubutawa da ajami a littafi, ɗalibar tana juyawa zuwa boko ranar Litinin da Alhamis.

Sabon tsarin ma ya yi tuntuɓe. A mako na huɗu, ranar wata Juma'a, akuya ta kai mataki na 4. Likita yana ƙauye wajen aiki, waya ba ta shiga. Dokar ta ce likita ne ke ba da magani, don haka aka jira har Asabar da yamma, akuyar ta galabaita, sai da ta yi kusan mako uku kafin ta dawo hayyacinta. Kwamitin ya zauna ranar Litinin ya gyara: aka ajiye akwatin magani a rumfa, aka rubuta adadin kowace akuya bisa nauyinta a jikin kati, Baba zai ba da da kansa ya sanar daga baya.

Zuwa mako na takwas an ceto biyar daga shida na kwatance. Daga kashin bagaruwa an fitar da ɗaya saboda ta ƙi dusar, bauri idan ya yi yawa yana kashe sha'awar ci. Akuya ɗaya ta mutu a duk daminar, da aka feɗe ta sai aka taras da tumbinta cike da leda, abin da ta taho da shi tun daga inda aka sayo ta. Abin da gwajin ya nuna game da bagaruwar kanta zancen wani rubutu ne. An kare kundin a Oktoba, da lambar izini wadda akwai zama da rahoton ziyara a bayanta.

Darasin ɗiban jini kuma ya koma safiya, ƙarfe bakwai da rabi. Ana fara shi da fatar akuya da aka samo daga mahauta, a naɗe ta a kan kara, a zura siririn bututun ƙarin ruwa a ƙarƙashi, a cika shi da zoɓo. Sai ɗalibi ya jawo zoɓon sau uku a jere sannan a bar shi ya taɓa mai rai, kuma akuya ba ta wuce suka biyu a zama ɗaya, sai ta huta mako biyu. Darasin sassan jiki ya koma kan kayan cikin da ake sayowa da asuba daga mayanka. Ɗalibai sun yi ta dariyar akuyar zoɓo a makon farko.

## Me ya yi aiki, me bai yi ba

Takardar Disamba ta gaza domin ta amsa tambayar mujalla ne, akuyar ba ta shigo cikin lissafin ba. Masu sa hannu su ne masu neman izini, kuma adadin da aka rubuta, awaki uku, ya ɓoye abin da ya kamata a tambaya, wato suka nawa kowace za ta sha. Rage yawan dabba ba tare da duba wahalar kowace ɗaya ba yana iya tara azabar garke duka a wuyan uku. Haramcin Afrilu ya gaza ta ɗaya gefen: bai rage darasin ba, ya kore shi ne zuwa inda babu mai gani.

A ganina abu biyu ne suka ɗauki nauyin canjin, sauran duk tallafi ne. Na farko, an yanke shawarar tsayawa tun kafin a fara, lokacin da babu wanda kundinsa ke kan siraɗi. Ɗalibin shekarar farko ba mugu ba ne. Yaro ne da aka bar shi ya zaɓa tsakanin digirinsa da akuya, a watan hutu, malaminsa na nesa. Na biyu, an miƙa ikon aiwatarwa ga wanda idonsa ke kan dabbar kullum. Ilimin da ake buƙata yana cikin rumfar tun ranar farko, izini ne babu, kuma rashin izinin ne ya tura Baba ɗura ƙwaya da dare har alƙaluman binciken suka gurɓace. Haɗa rahoton ƙarshe da ranar kare kundi shi ya sa malamai suka ɗauki abin da gaske, don jinkirin ɗalibi yana dawowa kan teburinsu.

Akwai abin da ya rage. Izini yanzu yana ɗaukar kimanin mako uku, malamai na gunaguni, kuma suna da gaskiya idan damina ta ƙarato. Likitan da Hajiya ba a biyansu ko kuɗin mai, ranar da suka gaji babu wanda aka tanada. Ikon kwamitin bai wuce shingen waya ba: kajin da wani ɗakin gwaji ke amfani da su ba su shigo ba tukuna, haka dabbobin manoma da ɗalibai ke ɗibar jininsu a ƙauyukan Tibiri da Madarunfa, inda izinin mai akuya kawai ake nema. An sa batun a zaman Nuwamba. Katin idon Baba kuma rana ta fara cinye launinsa, jan ya soma komawa ruwan hoda, an rubuta a sayo sabo kafin damina mai zuwa.